Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Kwalejojin Koyon Aikin Likita na Arewa: A Ba Rubutun Kimiyya da Hausa Gurbi a Karatunmu

Zuwa ga shugabannin kwalejojin koyon aikin likita na jami'o'in arewacin Najeriya, da shugabannin sassan kiwon lafiyar al'umma da ke ƙarƙashinsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, malamaina, bayan gaisuwar ɗalibi ga malamansa da addu'ar Allah ya ƙara muku lafiya da ɗaukaka, na rubuto muku ne da roƙo guda ɗaya, wato ku ware wa rubutun kimiyya da harshen Hausa gurbi a cikin karatun likita, gurbin da za a koyar da shi, a yi wa ɗalibi gyara a kansa, a kuma ba shi maki kamar kowane darasi. Ni ɗalibi ne a aji biyar a ɗaya daga cikin kwalejojinku. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a ne domin ba ta kwaleji ɗaya ba ce. Ta shafe mu duka, tun daga Zariya inda Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar koyon likita a 1967, har zuwa sababbin kwalejojin da jihohi ke buɗewa a 'yan shekarun nan.

Da yawa daga cikinmu ba farar riga ce kaɗai ta jawo mu wannan karatu ba. Akwai wanda tun yana sakandare yake son ya san abin da ya sa jini ke daskarewa a bakin rauni amma ba ya daskarewa a cikin jijiya, akwai kuma wadda ta taso tana tambayar dalilin da ya sa ƙannenta biyu ke fama da sikila ita kuwa lafiyarta ƙalau. Da irin waɗannan tambayoyi muke shigowa. Amma kafin mu tsallake babbar jarrabawar aji uku, tambayar “me ya sa?” ta fara gushewa daga bakinmu, “zai fito a jarrabawa?” ta maye gurbinta. Ban ɗora wa kowa laifin haka ba, domin karatun likita mai nauyi ne a ko'ina cikin duniya, kuma wanda za a damƙa wa rayukan mutane dole ne ya haddace abubuwa masu yawa, ya so ko bai so ba. Sai dai hadda ita kaɗai takan fitar da likitan da ya san sunan cuta da adadin maganinta, amma bai saba bin diddigin yadda aka gano hakan ba, ballantana ya tsaya gaban jama'a ya warware musu shi.

Tarihin sana'ar da kuke koya mana ya nuna cewa ɗalibi mai tambaya ba abin rainawa ba ne. Paul Langerhans yana ɗalibin likita ne a Jamus a 1869 lokacin da ya bayyana wasu tarin ƙwayoyin halitta a cikin gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, waɗanda daga baya aka gane su ne ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Barry Marshall kuwa yana ƙaramin likita mai neman ƙwarewa ne a birnin Perth na Ostireliya sa'ad da ya haɗa kai da Robin Warren a farkon shekarun 1980, suka shiga bin sawun wata lanƙwasasshiyar ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi, a zamanin da manya suka tafi a kan cewa babu ƙwayar da za ta rayu cikin tsamin ciki. A 1984 Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a cikinsa don ya nuna tana kumbura tumbi, a 2005 kuma aka ba su biyun kyautar Nobel. Fiye da shekara arba'in ke nan da wannan aiki da ya nuna cewa ƙwayar ce babban dalilin gyambon ciki, amma ku tsaya a kowace majalisa a garuruwanmu ku tambayi abin da ke kawo olsa, za a ce muku yunwa ce, ko azumi, ko yaji, ko yawan tunani. Mutum zai shekara da shekaru yana kurɓar madara da farin maganin ruwa, yana kuma sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis saboda ciwon jiki, bai san cewa su ne babban dalili na biyu na gyambon ba, bai kuma san cewa idan gwaji ya nuna ƙwayar, akwai haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14 da ke iya raba shi da ita ba. Ilimin ya iso ajinmu da Turanci, ya zauna a nan.

Abin da na lura da shi shi ne, babu abin da ke raya son bincike a zuciyar ɗalibi kamar a ce ya bayyana abu ga wanda bai taɓa shiga aji ba. A jarrabawa ana iya fakewa a bayan dogayen kalmomi a tsira, amma wanda zai yi wa kakarsa bayanin hawan jini da Hausa ba shi da maɓoya. Ko dai ya fahimci abin, ko kuma maganarsa ta tsaya a tsakiyar hanya, ya koma ga littafi yana neman abin da ya tsallake. A ɗakin duba yara masu sikila na taɓa ji an yi wa wani magidanci bayani daidai da yadda yake a littafi, cewa tunda shi da maiɗakinsa dukansu AS ne, wato masu ɗauke da irin sikila, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu yana iya zuwa da SS, wato cutar kanta. Ya saurara da kyau, ya yi godiya, sannan a bakin ƙofa ya juya ya ce wa matarsa, “To, alhamdulillahi, tunda wannan ya ɗauke mana, ukun da za su biyo bayansa sun tsira.” Babu ƙarya a abin da aka gaya masa, amma abin da zai tafi da shi gida ba gaskiya ba ne. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce ta kirawo shi, ta ce, “Malam, ka ɗauka ga ƙoƙo da goro huɗu a ciki, uku farare ɗaya ja. Duk lokacin da ciki ya shiga, za a rufe ido a ɗauki ɗaya, sannan a mayar da shi cikin ƙoƙon kafin wani cikin. Jan nan yana iya fitowa sau biyu a jere, yana kuma iya ƙin fitowa sam.” Ya yi shiru, sannan ya ce yanzu ya gane. Wannan baiwar Allah ba a aji ta koyi haka ba, shekarun aiki ne suka koya mata, kuma ranar da ta yi ritaya da abinta za ta tafi, domin babu inda aka rubuta shi. A ƙasar da ake ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, kuma a lokacin da Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, dubban samari da 'yan mata za su riƙa fitowa daga ɗakin gwaji da takarda mai harufa biyu a hannu, suna neman wanda zai gaya musu ma'anarta ba tare da tsoratarwa ko sassautawa ba.

Ranku ya daɗe, mun riga mun ɗanɗani kuɗar rashin irin wannan bayani. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa an sa masa abin hana haihuwa. Kano ce ta fi daɗewa, ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indonesiya. Kafin ƙura ta lafa cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita, har ta kai Yaman da ita Indonesiyar. Ana yawan ba da wannan labari kamar labarin jahilci ne kawai, ni kuwa ban gan shi haka ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, shari'a ta ja har aka sasanta a 2009. Tambayoyin da iyaye suka riƙa yi kuma tambayoyin masu hankali ne: me ya sa ake biyo mu har gida da wannan kyauta alhali maganin zazzaɓi sai mun saya, kuma me ya sa ake ɗiga wa yaro ɗaya sau da yawa haka? Kowace cikinsu tana da amsa ta kimiyya. Ƙwayar shan inna a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, don haka ana iya shafe ta daga doron ƙasa kamar yadda aka shafe agana. Cikin yara kusan 200 da suka kamu ɗaya ne yake shanyewa, sauran suna yaɗa ta ba tare da an sani ba. Ɗigon kuma ba ya kamawa sosai a hanjin yaron da ke yawan gudawa, shi ya sa ake maimaitawa. Waɗannan amsoshi suna nan a mujallun Turanci a lokacin. Jita-jitar kuwa da Hausa take, a masallaci da kasuwa da gidan suna. Sai da sarakuna da malamai suka shigo suka yi magana da harshen mutane sannan aka samu kan al'amarin, kuma sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar ta daji.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a Zamfara. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka tarar yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, da amai da jijjiga da suma, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Da aka gwada jininsu sai aka ga gubar dalma ce. Farashin zinari ya tashi a kasuwar duniya, maza suka koma haƙa, suna kawo duwatsun gida ana dakawa, ana niƙawa a injin niƙa irin na hatsi, ana shanya garin a tsakar gida, duwatsun kuwa cike suke da dalma. Yaro mai rarrafe a wannan ƙasa yake wasa, hannunsa kullum a baki, kuma hanjinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa. Yara kimanin 400 suka rasu, wasu da dama suka rayu da lahani a ƙwaƙwalwa. Maganin da ke fitar da dalma daga jiki ma ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ya kwaso ta, don haka sai da aka riƙa kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa, aikin da bai kai ga Bagega ba sai 2013. Shekara biyu bayan haka, a 2015, abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Illar dalma ba sabon ilimi ba ne, tana cikin kowane littafin ilimin guba da muke karantawa. Ba na cewa rubutu zai hana talaka neman abinci a inda ya gan shi. Amma a niƙa dutse nesa da gida, a jiƙa shi kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, a yi wanka a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro, kada a yi aikin da turmin girki, duk abubuwa ne da mai haƙar zinari zai iya yi ba tare da ya bar sana'arsa ba, in ya ji su da harshensa, ya kuma ji dalilinsu.

Kowa kuma yana tune da wani dare a watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaye ƙasar nan ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin gari ya waye ya shiga gidajen da sanarwar hukuma ba ta taɓa shiga ba, aƙalla mutum biyu suka rasa rayukansu, wasu aka kwantar da su a asibiti. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. A yau mai bakin shi ne mai tallan magani da lasifika a tasha da kasuwa, da takwaransa na rediyo da TikTok, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin sanyi da basir da taifot da rashin haihuwa. Hausarsa tana da daɗi, ya san inda ke yi wa mai sauraro ƙaiƙayi, kuma ba ya gajiya da maimaitawa. Mu da aka koya wa ilimin, idan uwa ta tambaye mu abin da ke damun ɗanta bayan an gama zagayen safe an tattauna shi da Turanci a gabanta, sau da yawa abin da take samu shi ne, “Kada ki damu, Mama, a ci gaba da magani.”

Akwai misalin da ke nuna abin da bayani mai kyau ke iya yi. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke kan iyakar Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, sai Dakta Dilip Mahalanabis ya koma ba marasa lafiya ruwan gishiri da sukari ta baki, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Sirrin abin shi ne, sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji tare da shi, ruwa kuma ya bi su, ko da a tsakiyar kwalara ne. Amma wannan ilimi bai fara ceton miliyoyi ba sai da ƙungiyar agaji ta BRAC da ke Bangladash ta tura mata gida-gida tun daga 1980, suna koya wa uwaye awo da abin da ke hannunsu: gishiri tsunkulen yatsa uku, mazarƙwaila cikin tafi ɗaya, a ruwa rabin lita. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake biyan masu koyarwar, domin ba yawan gidajen da suka shiga ake dubawa ba, sai an koma bayan wani lokaci an ga ko uwar ta riƙe abin kuma ta iya haɗawa daidai. Mu ma a zaman ƙauye na darasin kiwon lafiyar al'umma mukan faɗi awon kamar karatun allo: ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sai wata uwa ta shiga ɗaki ta fito da cokalin cin abinci da ludayi ta ce, “Wanne ciki, ɗana?” Lita kuma ba ta san ta ba sai an ce mata ledar ruwan sha biyu masu rabin lita. Wanda ya rubuta awon yana zaune a ofis ba zai taɓa sanin cewa gishirin zai iya ninkawa a hannun mai karɓar saƙon ba, gishiri mai yawa kuwa haɗari ne ga jaririn da ke gudawa.

Rubutun da nake roƙon a koya mana ba na yi wa jama'a gori ba ne, ba kuma na zagin abin da suka gada ba. A watan Afrilun 2020, da shugaban Madagaska ya ƙaddamar da wani tsimi na korona da aka yi da tsiro daga dangin tazargade, maganar ta cika garuruwanmu, wasu suna cewa ga maganinmu na gargajiya Turawa suna yi masa hassada, wasu 'yan boko kuma suna dariya. Ɓangarorin biyu ba su ba da labarin da ya kamata a bayar ba. Mafi ƙarfin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke rubutawa a yau daga wannan dangi aka samo shi. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta bi tsofaffin littattafan magani na ƙasarsu, ta tarar da wani rubutu na ƙarni na 4 da ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, ba a dafa ba, ta gane cewa zafi ne ke lalata sinadarin, a 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, kuma a 2015 ta samu kyautar Nobel. Ke nan tsiron yana da magani, amma yawansa yana bambanta daga ganye zuwa ganye, shan abin da bai kai awo ba kuma yana koya wa ƙwayar cutar jure wa maganin, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da jiƙon ganyen ba. Ɗalibin da ya iya ba da wannan labari da Hausa ya girmama ilimin kakanni, ya kuma nuna dalilin awo da gwaji a lokaci guda, mai sauraro kuma ba zai ji an raina shi ba.

Ba baƙon abu nake kawowa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta risaloli a kan magani, har da na basir da ciwon ido, 'yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta tsara ilimi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, mata masu koyarwa da ake kira jaji suna kai wa matan karkara. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, kuma editanta Abubakar Imam tare da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da yadda duniya ke gudana da Hausa. Abin da ya rage shi ne masu ilimin likita na yau su ɗora daga inda aka tsaya.

Na san za a ce jadawali ya cika, babu inda za a cusa sabon darasi. Ba sabon darasi mai zaman kansa nake nema ba. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta, kuma ban ga abin da ya fi dacewa da muhallinmu ba kamar likita ya iya magana da mutanen da zai yi wa aiki. A cikin makonnin da muke yi a ƙauye, a wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki matsala ɗaya da ya gani da idonsa, ko mashaƙo, ko zaizayar baki, ko yoyon fitsari, ko shan maganin kashe ƙwayoyin cuta a bari ba a ƙarasa ba, ya karanta abin da bincike ya tabbatar a kanta, ya rubuta bayanin shafi biyu da Hausa. Sannan ya karanta wa mutum biyar da ba su yi boko ba, a gaban malami, a ce su mayar da abin da suka ji. Abin da suka mayar shi ne rabin makinsa. Sauran rabin kuma malamai biyu su bayar, likita ya duba ingancin ilimin, malamin Hausa ya duba harshen. Masanan harshen suna nan a harabar jami'o'inku, a sassan harsunan Najeriya da cibiyoyi irin ta nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, amma da wuya hanya ta haɗa mu da su a tsawon shekara shida. Idan aka ɗore da haka, kalmomin da suka karɓu a bakin jama'a za su taru su zama ma'ajiyar da ɗaliban baya za su tarar, maimakon kowa ya ƙirƙiro tasa a gaban gado. Tunda kuma da yawa cikin waɗanda muke son kaiwa gare su da kunne suke karatu, a naɗi mafi kyawun rubuce-rubucen da murya a ba gidajen rediyo, a kuma juya wasu zuwa ajami.

Haka nan kundin binciken da kowannenmu ke rubutawa kafin ya kammala. Mukan shiga unguwanni da ƙauyuka da takardun tambayoyi, mata su bar girki su zauna su amsa mana, mu koma mu rubuta da Turanci, a ɗaure da baƙar fata a ajiye a kanta. Waɗanda suka amsa tambayoyin ba sa sake jin ɗuriyarmu. Ina roƙon a sa sharaɗi cewa kowane kundi ya zo da taƙaitawa ta shafi ɗaya da harshen mutanen da aka yi binciken a cikinsu, kuma ɗalibi ya koma ya karanta musu a gaban mai unguwa kafin a sa masa hannu. Takardar neman amincewa ma a rubuta ta yadda wanda zai dangwala yatsa zai iya faɗin abin da ya yarda da shi. Bayan abin da Kano ta gani a 1996, bai kamata mu ne za mu yi sakaci da wannan ba.

Za a kuma ce Turanci ne harshen kimiyya. Haka ne, kuma ban nemi a koyar da ilimin sassan jiki da Hausa ba, mujallun bincike kuma da Turanci za mu ci gaba da rubuta musu. Wanda ya koyi tsara hujja, da bambanta abin da aka tabbatar da abin da ake zato, da yanke duk kalmar da ba ta da aiki, zai kai wannan horo cikin kowane harshe ya yi rubutu. Na ambaci Hausa ne domin ita ce ta fi yawo a asibitocinmu, amma a Maiduguri Barbarci na da haƙƙi iri ɗaya, haka Fulatanci a Yola, da Nufanci a Bida, da Tibi a Makurɗi. Abokan karatunmu da ba su iya harshen wurin ba a haɗa su da waɗanda suka iya, dama su ne suka fi jin zafin rashin a ɗakin duba marasa lafiya. Abin da aka rubuta da Hausa a Katsina kuma zai yi aiki a Maraɗi da Damagaram, inda takwarorinmu ke karatu da Faransanci amma majinyatansu da Hausa suke kawo kuka.

Tsoron da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne kada ɗalibi mai rabin ilimi ya ɓatar da jama'a. Gaskiya ne, amma ɗalibai sun riga sun fara rubutu da ɗaukar bidiyo a Facebook da WhatsApp ba tare da kowa ya duba ba, wasunsu har daga cikin ɗakin marasa lafiya. Gara a koya mana ƙa'ida tun muna hannunku: kada a ambaci sunan majinyaci ko a nuna fuskarsa, kada a rubuta wa kowa magani daga nesa, a faɗi inda ilimi ya tsaya, ɗalibi ya kira kansa ɗalibi ba likita ba, kuma kada komai ya fita da sunan kwaleji sai babban likita ya karanta ya amince.

Ba sai an jira kowa ya yarda ba. Kwaleji ɗaya za ta iya gwadawa da aji ɗaya a zaman ƙauye na zango mai zuwa, ta auna abin da masu sauraro suka riƙe kafin bayanin da bayansa, ta kawo sakamakon gaban taron shugabannin kwalejoji da Majalisar Kula da Aikin Likita da Likitan Haƙori ta Najeriya, a duba ko ya cancanci a faɗaɗa. Mu ɗalibai za mu kawo rubutun da lokacinmu. Abin da muke nema daga gare ku shi ne malami ɗaya daga sashen kiwon lafiyar al'umma da ɗaya daga sashen harsuna, da izinin a lissafa aikin cikin makin zangon.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka muku da alheri bisa tarbiyyar da kuke yi mana.

Wassalam.

Ɗalibinku,
ɗan aji biyar a ɗaya daga cikin kwalejojinku.